Ƙannena da ke Saudiyya, ku daina yi wa na gida ƙarya da hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena maza da mata da ke zaune a Makka da Jidda da Madina, yau da ku nake. Tun jiya zuciyata ta ƙi kwanciya, na ce gara in faɗa, wanda zai ji haushina ya ji.

Bayan sallar isha'i aka kawo wata yarinya gidan maƙwabciyata a nan wajen Shara Mansur. Ƙarama ce ƙwarai. Ta gudo daga gidan da aka kai ta aikatau, fasfonta yana hannun masu gidan, ba ta jin Larabci, ba ta san gabas ba balle yamma. Da ta sha ruwa ta ɗan natsu, muka tambaye ta wa ya kawo ta ƙasar nan. Sai ta buɗe waya ta nuna mana hotunan wata 'yar uwarta. Ga ta a gaban Hasumiyar Agogo da abaya mai duwatsu, ga ta a bakin teku a Jidda, ga ta a jikin wata dalleliyar mota, hannu cike da awarwaron gwal. Ta ce, "Anti, su na gani." Babanta gonarsa ya jinginar ya biya ejan. Ita kuwa mai hotunan mun san ta. A ɗaki ɗaya suke cunkushe ita da abokan zamanta, awarwaron na aro ne, motar ko mai ita ba ta sani ba, kuma tun da bizarta ta ƙare ba ta taɓa fita titi gabanta bai faɗi ba.

To ku gaya mini tsakaninku da Allah, wa ya fara cutar yarinyar nan? Ejan azzalumi ne, wannan ba gardama. Amma daɗin bakin ejan shi kaɗai bai isa ya sa dattijo ya saki gonar gado ba. Sai da ya ga 'yar ɗan'uwansa da idonsa tana sheƙi a waya, sannan ya ce ai gaskiya ne. Mu muke yi wa ejan rabin aikinsa, kyauta.

Kai da kake wankin mota tun safe har hannunka ya yi kanta, ko kake dakon kaya a Bab Sharif, ranar Juma'a sai ka zura farar jallabiya, ka ɗora ghutura, ka je ka jingina da Land Cruiser ɗin wani ka yi bidiyo, ka rubuta "ƙasa mai albarka, Alhamdulillah". Ke da kike goge-goge daga asuba zuwa tsakar dare, uwar ɗaki na fita sai ki zauna a kujerar falonta ki kunna TikTok, kina juya ido kamar gidanki ne. Kai kuma da abokinka ya tambaye ka nawa ake biyanka, ka ɗauki riyal ka juya masa shi zuwa naira ko sefa har numfashinsa ya ɗauke, amma ba ka cire masa kuɗin haya ba, ba ka cire na abinci ba, ba ka cire abin da kafili, wato wanda kake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa, yake karɓa ba, ba ka ambaci bashin ejan da har yau kake biya ba. Duk abin da ka faɗa ɗaya bayan ɗaya gaskiya ne, amma abin da ya tsaya a zuciyar yaron ƙarya ce, kuma ka san haka tun kafin ka buɗe baki.

Wallahi na san abin da ke sa ku. Ba mugunta ba ce ga yawancinku. An yi maka rakiya har filin jirgin Kano, unguwa kaf ta san ka tafi Saudiyya, ta ina za ka fara cewa kana kwana a kan kwali? Ba ka son hankalin Hajiya ya tashi, hawan jininta kaɗai ya ishe ta. Ba kya son kishiyoyin babarki su samu abin yi da ita. Ga na gida kullum cikin roƙo, in ka ce babu su ce rowa, to gara ka nuna akwai. Na fahimta, ƙanina. Na fahimta, ƙanwata. Wanda ya zauna a baƙon wuri ya san ciwon nan. Ba kuma wanda ya ce ku baza hawayenku a Facebook. Rufa wa kai asiri abu ne mai kyau, kuma Allah yana son mai kamun kai. In ba za ka iya nuna wahalarka ba, ka yi shiru. Amma kada ka ƙirƙiro daular da ba ka da ita. Kuma ranar da ƙaninka ya kira ya ce, "Yaya, ni ma na fara haɗa kuɗi zan taho," daga ranar shirun ma ya zama cin amana.

Ka gaya masa bizar Umara ta ibada ce, ba ta aiki ba, kwana 90 ne iyakar zamanta, kuma duk ejan da ya ce masa "kai dai ka iso, za a mayar maka da ita iƙama", wato takardar izinin zama, yaudararsa yake yi. Ka gaya masa ranar da ta ƙare ya zama takari, mai zama ba takardu. Ba zai kama haya da sunansa ba, ba layin waya da sunansa, ba asusun banki, zuwa asibiti sai da fargaba, in an cinye masa haƙƙinsa ba inda zai kai ƙara, don kai ƙarar kai kansa ne. Ka gaya masa akwai wani wuri Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, inda ake tara waɗanda aka kama kafin a yi musu tarhil, wato a mayar da su ƙasarsu, a ɗauki zanen yatsunsu, a rufe musu ƙofar ƙasar na shekaru. Ma'aikatar Cikin Gida duk mako sai ta fitar da adadin waɗanda aka kama kan laifin zama ko aiki ko ƙetare iyaka, kuma sau da yawa yakan haura dubu goma a mako ɗaya. Ba a ɓoye yake ba. Mu ne muke ɓoye shi.

Ke kuma ki zaunar da ƙanwarki a waya ki yi mata bayani irin na 'yar uwa. Ko da bizar aiki ta zo, ta san cewa gyaran dokar ƙwadago da aka yi a watan Maris na 2021, wanda ya sassauta wa ma'aikata sauya wurin aiki, bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, su kuwa su ne ayyukan da aka fi kawo mutanenmu a kansu. Ta san cewa doka ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, amma ana riƙewa. Ta san cewa in wuya ta sa ta gudu, masu gida za su kai rahoton hurub, wato ta gudu daga aiki, daga nan tana iya komawa wadda ake nema. Akwai gidajen kirki, wallahi akwai, masu tsoron Allah da ke biyan albashi a kan kari. Amma ba ita ke zaɓen gidan da za a jefa ta ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

Mu masu takardun ma ba a kan gadon zinare muke kwana ba. Tun 2017 aka ɗora kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar ma'aikaci, aka fara da riyal 100, zuwa 2020 ya kai 400. Magidanta nawa muka raka da idonmu suna mayar da matansu da 'ya'yansu gida saboda sun kasa? Wa ya taɓa ɗora wannan a shafinsa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a tsaya a Harami a yi wannan aikin. Ka'aba a bayanka, kai kuma kana kallon kyamara kana cewa "ku taho, hanya a buɗe take, ku yi mini magana ta akwatin saƙo". Haba ɗan'uwa! Garin da aka gargaɗe mu cewa ko niyyar ɓarna mutum ya ƙulla a cikinsa sai ya ɗanɗana azaba? Kuma bari in fito fili: akwai waɗanda ejan ke ba su la'ada a kan kowane kai da suka jawo. 'Yar unguwarku, wadda kuka yi makarantar allo tare, ki sayar da ita a kan 'yan riyal? Da wane bakin za ki yi talbiyya? Ki ji tsoron Allah. Kuɗin nan wuta ne, ko gida kika gina wa iyayenki da shi.

Haka masu cewa mutum ya shigo da Umara ya laɓe har lokacin Hajji. A Hajjin 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kuma kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Mutane ne da suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana, ba tanti mai sanyi, ba motar da za ta ɗauke su. A 2025 aka sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji ba izini, da kora, da hana shiga ƙasar na shekara 10, wanda ya ɗauke shi ko ya ba shi masauki kuma tasa tarar tana iya kai wa riyal 100,000. Kai da ka ce wa tsohuwar mutane "ba komai Hajiya, kowa haka yake yi", in ta faɗi a hanyar Arfa, me za ka ce wa 'ya'yanta?

Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Ta Chadi, ta Sudan, su tsaya su yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, su tara guzuri, su isa Sawakin su haye Bahar Maliya, wasu sai bayan shekaru suke ganin Makka, wasu a hanya aka binne su. Amma wanda ya dawo, in an taru gaishe shi, yakan faɗi inda ƙishirwa take da inda 'yan fashi suke, don mai niyyar tafiya ya san abin da zai tarar. Allah ya jiƙansu. Mu da waya ke hannunmu dare da rana, mun kasa yi wa namu abin da su suka yi da baki.

In Allah ya buɗa maka ta halal, kana da kwantiragi na gaskiya, ko kana karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, ko kina aikin jinya a asibiti, masha Allah, Allah ya ƙara. Ka nuna wa na baya hanyar da ka bi, da takardun da ka nema, da tsawon jiran da ka yi. Iyayenmu na gida ku ma ku sassauta mana, ku daina auna ɗanku da hoton ɗan maƙwabci, ku riƙa tambaya da wace biza za a tafi, wa zai karɓi mai tafiyar, a wane gida.

Amma ku ƙannena na nan, nauyin a wuyanku ya fi yawa, don ku kuka gani. Kowannenku ya san wanda yake tara kuɗi yanzu haka saboda shi. Ka san sunansa. Kin san sunanta. Ku goge hotunan aro ɗin nan, ku kira su yau, ku faɗa musu yadda kuke kwana da yadda kuke tashi. In bayan sun ji duka suka ce za su taho, to sun taho da idonsu a buɗe. Don girman Allah ku kira su yau, kada ku bari sai an jinginar da wata gonar.