Kafin ka ce gara da aka yanke tallafin

Jama'a ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo, maganar ce ta tsaya min a rai tun jiya da daddare. A majalisarmu wajen mai shayi aka ɗauko zancen tallafin da ƙasashen waje ke bayarwa, sai wani abokinmu, mutum mai ilimi wanda nake ganin girmansa, ya ce shi wallahi daɗi ya ji da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta bai wa ƙasashen waje tallafi, wai tallafi ne ya mai da mu mabarata, gara kowa tasa ta fisshe shi. Da yawa suka ce haka ne. Ni kam shiru na yi don raina ya ɓaci sosai.

Tambaya ɗaya nake da ita: Malam ka taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa? Ni na shiga. Shekara uku ke nan, 'yar ƙanwata tana da wata goma sha huɗu, ƙyanda ta kama ta, daga nan gudawa ta biyo, yarinya ta rame har kukan ma ba ya fita, sai dai ka ga ta buɗe baki kawai. Ma'aikaciyar ta ɗauko wani ɗan siririn tef mai kore da rawaya da ja ta zagaya a damtsenta, ya tsaya a kan ja, ma'ana kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba. Aka kwantar da su, aka fara ba ta wata madara kaɗan-kaɗan, bayan 'yan kwanaki aka koma ba ta abincin nan na gyaɗa da ke cikin 'yar leda, aka sallame su da na sati guda, kowane sati su koma a auna ta a ƙaro musu. Ko sisin kobo ba a karɓa ba. Ubanta manomi ne, damina biyu 'yan bindiga suka hana shi taka gonarsa, to don Allah a gaya min wannan bawan Allah lalaci ne ya kai shi layin karɓar taimako?

Ita wannan 'yar ledar mutane na raina ta amma ba ƙaramin abu ba ce. Gyaɗa ce da garin madara da suga da mai da sinadaran gina jiki, ba a dafawa, ba a damawa da ruwa, shi ya sa ko a ƙauyen da ruwan sha ba shi da kyau uwa za ta iya bai wa ɗanta ba tare da ta ƙara masa wata cutar ba. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, amma a Maraɗi ta nuna kanta, lokacin yunwar 2005 da ta biyo bayan fari da farin ɗango. A da dole sai an kwantar da kowane yaro a asibiti, gadaje nawa gare ka? Da wannan ledar ƙungiyar likitocin MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a Nijar a shekarar kaɗai, galibinsu suna gida a hannun iyayensu mata. Yanzu har a Yamai da Kano ana yin ta. Amma fa kuɗin sayenta mafi yawa daga waje yake zuwa, nan ne gizo ke saƙar.

Ran 20 ga Janairun 2025 Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin waje na kwana 90, zuwa farkon watan Yuli an rufe USAID gaba ɗaya, hukumar da take aiki tun 1961. Ingila ma ta ce za ta rage nata zuwa 0.3 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu, alhali tun 1970 alkawarin da aka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya 0.7 ne. Me ya biyo baya? A watan Yulin 2025 hukumar abinci ta duniya ta yi gargaɗin cewa abincin da take bai wa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas zai tsaya saboda kuɗi sun ƙare. MSF kuma ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Katsina kaɗai fa, kuma waɗanda aka samu aka kai ke nan, ban da waɗanda aka binne a ƙauye ba wanda ya rubuta.

Ba wai ban ji maganar abokina ba ne, akwai gaskiya a ciki kuma tana min ciwo. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, mu da aka yi taron a gidanmu har yau muna ta yawo a wajajen kashi 5. Kuma wa zai manta da dabinon da Saudiyya ta aiko tan 200 a 2017 don 'yan gudun hijira, aka wayi gari ana sayar da shi a kasuwa har sai da gwamnati ta ba da haƙuri? Ita kanta ledar tamowar ana ganinta a kan teburin masu kanti. Abin kunya ne, duk mai hannu a ciki a kama shi. Amma in ka yanke tallafin wa ka hukunta? Wanda ya saci dabinon yana nan da motarsa, 'ya'yansa ba a layin awo suke ba. Jaririyar da damtsenta ke kan ja ita za ta biya, kuma ita ba za ta iya jira a gyara Najeriya ba, sati biyu ma ya mata yawa. Ko ta rayu, yunwar da ta same ta kafin ta cika shekara biyu tana iya taɓa girmanta da ƙwaƙwalwarta har abada. Muna cewa mu tsaya da ƙafarmu, to da su wa za a tsaya? Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Su ma masu bayarwar ban ce waliyyai ba ne, kowa da siyasarsa, kuma abin da Amurka ke kashewa a tallafin waje kafin a yanke wajen kashi 1 ne kacal na kasafinta. Amma ko don kansu ya kamata su bayar, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ba ta tsaya a Kano ba, sai da ta kai Yaman da Indunusiya. A 2014 mutum ɗaya ya sauka daga jirgi a Legas da Ebola, abin da ya taimaka aka tare ta a kan mutum 20 shi ne tsari da ma'aikatan da aka horar don yaƙin shan inna, da kuɗin tallafi. Da ta ɓarke a Legas kana ganin Landan za ta yi barci? Ku tambayi tsofaffinmu agana, yadda take ɓata fuska tana makantarwa, yau babu ita a duniya tun 1980 saboda ƙasashe sun haɗa kuɗi da hannu.

Sannan akwai batun hakki. Afirka duka hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 na duniya ba, amma mu ne damina ta rikice mana, ko fari ko ambaliya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne jin Musulmi yana cewa taimakon da ya tsallako daga wata ƙasa ƙasƙanci ne. A shekarar toka, zamanin Sayyidina Umar, da yunwa ta kama Madina ai wasiƙa ya aika wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya turo abinci tun daga Masar. Kuma mu kanmu ai masu bayarwa ne. Mutanen Diffa sun buɗe wa 'yan Borno gidajensu lokacin Boko Haram, ƙauyukan Maraɗi sun karɓi na Sakkwato da Zamfara da Katsina, ga Chadi da talaucinta tana ta karɓar 'yan Sudan ta garin Adre na kan iyaka tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Ba wanda ya tambaye su takardar shaidar cewa gwamnatinsu ta yi abin kirki kafin a ba su tabarma da ruwan sha.

In za a janye, a janye a hankali, a ce wa gwamnonin jihohi nan da shekara kaza ku za ku riƙa sayen ledar nan, mu kuma mu tsaya musu a wuya har su saya, tunda ga masana'antar a Kano. Wannan zan goyi bayansa ɗari bisa ɗari. Amma ba a rufe kilinik ranar Litinin ba alhali uwa ta taho da ƙafa tun asuba da yaro a goye.

Da safen nan na kira abokin nawa, na ce masa ranar Asabar zan je dubiya wancan asibitin, akwai ɗan makwabcinmu a kwance, ya zo mu je tare. Ya ce zai duba ya gani.