Yatsan Farfesa

Farfesa ya danna yatsa a kan taswirar Antaktika kamar zai huda ta. "Nan za mu haƙa. Nan ƙanƙarar ta fi kauri, wadda ta fi zurfi kuwa ita ta fi tsufa. Ko ɗan firamare ya san wannan."

Ɗalibi ya ɗago daga kwamfuta. "Ranka ya daɗe, in ta cika kauri bargo take zama. Zafin da ke tasowa daga cikin ƙasa ya rasa mafita, sai ya narkar da ita ta ƙasa. Tsohuwar da muke nema ta daɗe da zama ruwa."

"Zafi? A Antaktika? Yaro, ka taɓa zuwa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka gani." Shi ma dai Farfesan bai taɓa zuwa ba, amma akwai hoton tsuntsun fengwin a ofishinsa, kuma ba a musu da mai hoto.

"A tashar bincike ta Vostok, can Antaktika, an haƙa mita 3,623, aka samu ƙanƙara mai shekara 420,000," in ji ɗalibi. "A Dome C ba a kai wannan zurfin ba, aka samu 800,000. A Little Dome C, kusa da tashar Concordia, mita 2,800 aka haƙa, a farkon 2025 aka sanar da mai shekara miliyan 1.2."

Ma'aji, wanda tun ɗazu gyangyaɗi yake, ya zabura. "Tsaya! Zurfi na raguwa, shekaru na ƙaruwa? To mu haƙa mita goma mana, mu samu miliyan ɗari, a mayar da canji!"

"Yallaɓai, a Allan Hills an samu mai shekara miliyan 2.7 ba da wani zurfi ba. Sai dai a yamutse take. Mu mai jere muke so, hawa kan hawa."

"Mu yi me da ita?"

"Akwai iskar zamanin a kulle cikin ƙananan kumfa. Da can duniya kan shiga zamanin ƙanƙara duk shekara 41,000, daga baya ta koma 100,000. Muna so mu ga ko iskar kabon na da hannu."

"Wato duk kuɗin nan iska za ku sayo min? Da rasit?"

Farfesa ya buga tebur. "Ita kwamfutar taka, wa ya gaya mata zafin ƙarƙashin ƙanƙara?"

"Na'urar rada, mai hango cikin ƙanƙara, ta nuna mana hawa-hawan da dutsen ƙasa. Muna da yawan dusar da ke zuba da saurin tafiyar ƙanƙarar, muna neman inda duka biyun suka yi ƙasa. Zafin ne kawai ake kintata, a gwada adadi iri-iri."

"Kintace! Ita ta kintata an ce kimiyya, ni na kintata an ce taurin kai. Ina da digiri uku kafin a ƙera ta. Ita nawa gare ta?"

Ba wanda ya tanka. Farfesa ya shiga tarihin taron da ya taɓa yin jawabi har aka tafa masa a tsaye, alhali lokacin tashi ne ya yi. Yana magana yatsan na silalewa a kan taswira, a hankali, har ya tsaya daidai kan jan ɗigon da ɗalibi ya yi tun makon jiya.

"Nan za mu haƙa. Na lura kauri na narkar da ƙasan ƙanƙara. Rubuta, yaro. Sunana a farko."

"Nawa fa, ranka ya daɗe?"

"A wurin godiya. Bayan Ma'aji."

"Da kwamfutar," in ji Ma'aji. "Ita mun biya kuɗinta."