Yadda Na Ɗauko Dogo Ya Cinye Mini Gurbi

Ana saura kwana biyu Ƙaramar Sallah ta 2016, ina zaune a shagona na caja da murfin waya, azumi ya gama wanke ni tas, sai ƙanena Auwalu ya turo mini waya har hanci: "Yaya, Durant ya koma Golden State!"

Na ce ƙarya ne. Ashe gaskiya ne. Kwantiragin Kevin Durant, tauraron ƙwallon kwando na Amurka, da ƙungiyar Oklahoma City Thunder ya ƙare, ya zama ɗan kansa, ba mai igiya a wuyansa, duk inda ya ga dama nan zai sa hannu. Kuma bai ga damar zuwa ko'ina ba sai Golden State, wato wurin mutanen da suka fitar da shi daga gasa makonni kaɗan da suka wuce, ƙungiyar da ta ci wasa 73 cikin 82 a shekarar. Kuɗin talabijin ne ya buɗe musu hanya: iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a lokaci guda. Ga Curry, ga Klay Thompson, ga Draymond Green, an kuma ƙaro Durant. Wannan ai an zuba wa tuwo miya biyu.

Iya nan na karanta. Da na gangara ƙasa kaɗan da ban shiga abin da na shiga ba, amma yunwa ba ta barin mutum ya ƙarasa labari.

Mu ma muna da ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a Jekadafari. Ba Gombe Bulls ba ce, kar ku ɗauka da nisa. Mu tara ne, ƙwallonmu ɗaya, kwando ɗaya ya karkace kamar hular ɗan tauri. Shekara uku yaran Bolari na lallasa mu, kuma dalili ɗaya ne: Dogo. Mutum ne da in zai shiga Keke Napep sai ya naɗe kansa gida uku kamar tabarma. To a makon nan na ji ya yi faɗa da mutanensa kan kuɗin riga, ya rantse ba zai sake buga musu ba. Na ce Allahu Akbar, ga Durant ɗinmu a Gombe, ba mai shi.

Na ji cewa su Curry da kansu suka yi tattaki zuwa Hamptons a jihar New York don lallashin Durant. Ni ma na haɗa tawaga: ni, Auwalu, da kyaftin ɗinmu. Hamptons ɗinmu teburin mai shayi ne, bayan sallar asham. Dogo ya ci indomi uku da ƙwai huɗu bai ce uffan ba, ina ta zuba masa bayani kan makomar ƙungiya. Sai da ya ɗaga kofin shayi na biyu ya ga gindinsa sannan ya ce, "Yaya, ni ba ni da matsala. Takalmi kawai, da kuɗin acaɓa."

"Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da takwas."

Asusun ƙungiya naira ɗari bibbiyu muke zubawa duk mako, rabinmu kuma bashi ake bin su. Mu babu gidan talabijin da zai ɗaga mana iyaka. Abin da ke aljihuna kuɗin kajin Sallah ne da maman Hanifa ta ƙirga ta sake ƙirgawa kafin ta yarda na fita da su. Washegari na zagaye 'yan gwanjon babbar kasuwa rumfa-rumfa. Wani dattijo da ya ji lambar ya ce, "Ɗana, na mutum ne ko na raƙumi?" A ƙarshe aka zaƙulo wani daga ƙasan dila, fari, kamar ƙananan jiragen kwale-kwale guda biyu. Sallar nan da kifi muka yi ta. Na ce wa maman Hanifa an ce kajin bana ba su da lafiya. Ta dube ni irin kallon nan da ba a amsa shi.

Ranar Asabar bayan Sallah muka taru. Dogo ya iso, yara na bin sa. Ni kuwa ina ta kai-komo kamar uban ango, ina karɓar gaisuwa. Koci ya fito da 'yar takardarsa.

Ga abin da ban lissafa ba: mutum biyar ne ke shiga fili, ba shida ba. Dogo ya karɓi tsakiya, ƙarƙashin kwando. Ɗanladi da ke tsakiya aka matsar da shi lamba huɗu. Sani na lamba huɗu ya gangaro lamba uku. Lamba uku kuwa tawa ce tun da aka kafa ƙungiyar. Kamar kujerar bayan motar haya ce: ƙato ya shigo ta wannan ƙofa, na bakin waccan ya tsinci kansa a kwalta.

Na ce, "Oga Koci, kamar ka tsallake suna."

"Ban tsallake ba, Malam Bala."

Auwalu ya matso ya raɗa mini, "Yaya, ai ba ka ƙarasa labarin ba. Kafin Durant ya shigo sai da suka saki Harrison Barnes, suka kuma tura Andrew Bogut Dallas. Barnes ɗin nan lamba uku yake bugawa."

"To shi ina ya tafi?"

"Dallas shi ma. Dala miliyan 94, shekara huɗu."

Ni ledar fiya-wata aka miƙo mini in riƙe.

Na daure, na ce ba komai, Andre Iguodala na Golden State ma daga benci yake tasowa, kuma shi aka zaɓa gwarzon wasannin ƙarshe a 2015. Mutum na shida ba abin rainawa ba ne. Koci ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne. Sai dai na shida Auwalu ne." Na tambayi na bakwai. Ya faɗa. Ban tambayi na takwas ba, saboda da Dogo mun zama goma, kuma na fara hango inda lissafin ya dosa.

Ban gama haɗiye wannan ba sai aka gano babu rigar da ke shiga Dogo. Duk an gwada. Sai idanu suka dawo kaina, domin albarkacin tumbi tawa ce mafi girma a ƙungiyar. A gaban yaran unguwa na tuɓe. Ta tsaya masa a cibiya, amma ta shiga, da BALA ɓaro-ɓaro a baya, wanda na biya aka buga mini da kuɗina.

A daren na yanke shawara: ni ma ɗan kaina ne. Bolari na da gurbi, ni na san haka fiye da kowa. Kyaftin ɗinsu ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Ba kai ne ka sace mana Dogo ba?" Na ce harkar wasa ce. Ya ce to, sharaɗinsu biyu: in sayo sabuwar ƙwallo, kuma ranar karawa ni zan tsare Dogo, tunda ni na san sirrinsa. Barnes an biya shi ya tafi, ni na biya aka karɓe ni.

Ranar wasan ba na son dogon bayani. Sau ɗaya na samu damar jifa. Na saita, na saki, sai na ga rana ta ɓace. Ƙwallon ta dawo ta daki goshina, Dogo ya sunkuyo ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Duk kwandon da ya ci, yara su karanta bayan riga su ɗauka da ihu: "Bala! Bala!" Sau biyu na ɗaga hannu kafin na tuna.

Da na dawo gida maman Hanifa ta tare ni da fara'ar da rabona da ita tun kafin Sallah. "Baban Hanifa, ashe haka ka iya? Yaran maƙwabta sun ce yau Bala ne ya gama da Bolari."

Na ce, "To, mun dai taɓa."

Ina cikin wanke hannu aka yi sallama a ƙofar gida. Dogo ne, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, ya buɗe baki kamar kada. Da muryar da duk layin ya ji ya ce, "Yaya, wanda ka saya mini da kuɗin kajin nan ne. Ko za a kai wa shumeka?"