Sulhun da na yi a cikin tukunya

A garin Flensburg, can ƙuryar arewacin Jamus, mutum zai iya hawa keke bayan La'asar ya shiga ƙasar Denmak ya dawo Magariba ba ta yi ba, musamman da bazara, lokacin da rana ke kaiwa wajen ƙarfe 10 na dare kafin ta faɗi. Tun ƙuri'ar da aka kaɗa a 1920 aka shata iyakar inda take yau. Garin ya zauna a Jamus, amma har gobe akwai 'yan asalin Denmak a cikinsa, da makarantunsu da jaridarsu, kuma kowa na zaune lafiya da kowa. Abu ɗaya ne aka manta ba a kaɗa masa ƙuri'a ba: wani jan abin zaƙi mai kauri da ake sha bayan abinci. Jamusawa na ce masa Rote Grütze, 'yan Denmak na ce masa rødgrød, kuma kowane ɓangare ya rantse kakarsa ce ta fi iya shi.

Ni karatu ya kai ni. Ɗakin da nake haya na wata tsohuwa ce Bajamushiya, mai kirki da faɗa daidai wa daida. Tana da ɗan lambu a gefen gari, irin filayen nan da ƙungiya ke yayyankawa ta ba mutane haya, kowa da 'yar bukkarsa da shingensa. Maƙwabcin shingenta wani dattijo ne daga 'yan Denmak ɗin garin. Sun daɗe suna gaisawa ta kan shinge, kuma gaisuwar ba ta taɓa ƙarewa ba tare da musu ba.

Da watan Yuli ya kama ta ja ni lambun tsinkar 'ya'yan itace. Akwai rasberi, akwai ceri mai tsami, amma uwar tafiyar wasu 'yan mitsi-mitsi ne jajaye da suke kira Johannisbeeren, suna rataye zangarniya-zangarniya suna ƙyalli a rana. Kallon kitse na yi wa rogo. Na ciko hannu na watsa a baki, sai ga idona na hagu ya rufe da kansa, haƙorana suka mutu nan take. Dattijon da ke leƙe ta shinge ya yi dariya har hularsa ta faɗi cikin kabeji. Daga nan aka ba ni cokali mai yatsu aka zaunar da ni a benci ina tsefe 'ya'yan daga jikin tsinkensu, aikin da ke koya wa mutum haƙuri ko bai yi niyya ba.

Da yamma ta dafa nata. Kafin in kai baki na tambayi abin da ke ciki, domin wasu gidajen suna ɗan zuba jan giya. Ta ce ba a tukunyarta ba: 'ya'yan itace ne, da sukari, da sitaci, shi ke nan. Ta zubo mini shi da sanyinsa, ta malala miyar madara mai ƙamshin banila a kai. Jama'a, abin nan ya yi. Tsamin da ya kusa makantar da ni ya zama ɗan garɗi, zaƙin bai hau kai ba. Na yaba da iya Jamusancina. Washegari dattijo ya miƙo nasa ta kan shinge, sumul babu ko ƙwaya ɗaya, da kirim ɗin madara mai sanyi. Shi ma na yaba, don shi ma ya cancanta. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bikin bazara na ƙungiyar lambun na tafe, kowa zai kawo abinci, sai su biyun suka yanke, ba tare da shawarata ba, cewa ɗan Najeriya ne zai kawo jan abin nan a bana.

Kowannensu ya ja ni gefe ya ba ni sirri.

Tsohuwa ta ce kilo ɗaya na 'ya'yan, sukari wajen giram 150, ruwa kaɗan. A rage wasu a zuba daga baya don mutum ya ji abin taunawa. A dama cokali 4 na sitacin masara da ruwan sanyi a zuba, sannan ta ɗaga yatsa: "Ka bar shi ya tafasa minti guda. In bai tafasa ba, gari za ka ji a harshe." Ta ƙara da cewa a da can da ɓarzajjen hatsi ake kaurara shi, sha'ir ko makamancinsa, abincin mutanen karkara ne, kakarta kuwa da sago take yi, wasu 'yan ƙwayoyin sitaci.

Dattijo ya ce duk wannan shirme ne. A tace ruwan da rariya. A sauke tukunya daga wuta, a jira tafasar ta kwanta. A dama cokali 4 na sitacin dankali da ruwan sanyi, a tsiyaya siriri ana juyawa, a barbaɗa sukari a sama don kada ya yi fata. Shi ma ya ɗaga yatsa: "Kada ka kuskura ka mayar da shi wuta. In ya tafasa zai yi tsawo." Na gyaɗa kai. A raina na ce tsufa kenan, ina aka taɓa ganin abin sha ya yi tsawo?

Kowa ya ba ni ƙullin sitacinsa. Kuma na san ranar biki kowa zai tambaye ni ko da nasa na yi. Ƙarya ba kyau, ɓata wa dattijai rai ba kyau, ga ɗaya ita ke riƙe da makullin ɗakina. Ina zaune a kicin dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ke zuwa wa mutum bayan sha biyun dare: a yi raba daidai. Cokali 4 nata, cokali 4 nasa. Na sauke tukunya don girmama Denmak, na zuba duka biyun. Na mayar da ita wuta don girmama Jamus. Da na ga kamar bai kama jikinsa ba, na ƙara wa kowa cokali bibbiyu, don kada a ce na yi son kai. Dama ni tun tasowata na san abin da bai tafasa ba bai dahu ba, saboda haka na ƙara wuta.

Da farko shiru. Can sai tukunyar ta fara numfashi. Kumfa ɗaya ƙatuwa ta taso a tsakiya, ta tsaya kamar mai tunani, ta fashe "fut!" Ɗigo ɗaya a goshina, ɗaya a farar rigata, uku a farin bangon tsohuwa, bangon da na ajiye kuɗin jingina a kansa. Na kai ludayi na ɗaga, abin ya biyo ludayi. Na ƙara ɗagawa, ya ƙara biyowa. Na miƙe hannu har sama da kaina, jan zare na nan tun daga ludayi har cikin tukunya, bai tsinke ba. A nan na nemi gafarar dattijo a zuci.

Na kira Yayata a Zariya ta bidiyo, na ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan." Ta kawo fuska kusa da waya, ta yi shiru, sannan ta ce, "Auta, kuɓewa ka sa wa kala?" Ta kira Umma. Umma ta kalla ta ce, "Wannan ne karatun?" Kafin in kashe wayar har 'yar aikin maƙwabta ta zo ta gani. Shawara ɗaya tak na samu, daga Yaya: in saka a firij in yi addu'a.

Da safe tsawon ya tafi, taurin ya zo. Na kifa kwano a faranti, abin ya faɗo gaba ɗayansa, da siffar kwanon, har da tambarin kamfanin da ke gindin kwano. Na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo. Amfaninsa guda: na ɗaure shi a bayan keke na bi ta kan titin duwatsu har lambu, ko ɗigo bai zuba ba.

Biki ya cika. An jera tebura, ana gasa tsiran alade a can gefe, ni da farantin salak ɗina a nan gefe. Jikokin dattijo suka kewaye ni sai na faɗi "rødgrød med fløde", wato rødgrød da kirim, jarrabawar da 'yan Denmak ke yi wa kowane baƙo don su sha dariya. Na faɗa, wata yarinya ta ruga ta kawo mini ruwa, ta ɗauka ƙwarewa na yi. Sannan aka zo kan abin da na kawo. Tsohuwa ta zuba miyar banila, ta gangare ta gefe. Dattijo ya zuba kirim, shi ma ya gangare. Shugaban ƙungiya ya soka cokali, cokalin ya tsaya cak. Aka aiko da wuƙar burodi. Mutane suka karɓi yanka-yanka suna taunawa a natse, suna cewa "abin sha'awa ne", wanda a bakin Bajamushe yake nufin kada ka sake.

Su biyun suka zo tare, kowa da tambayarsa. Na ce da nata na yi, kuma da nasa na yi. Tsohuwa ta tauna, ta tauna, ta juya ga jama'a ta ce to ga shi nan, wannan shi ne ainihin irin na Denmak. Dattijo ya ajiye cokali ya ce a tarihin ƙasarsu ba a taɓa yin wannan ba, aikin Jamus ne tsantsa, dubi ƙarfinsa. Abin da suka shekara suna ja-in-ja kowa na cewa nasa ne, yau kowa na tura wa ɗan'uwansa.

Fiye da rabi ya rage. Na ɗauko farantin na nufi wajen shara, inda kwanduna ke jere kowanne da launinsa da dokarsa. Tsohuwa ta ƙwala mini kira ta nuna na ragowar abinci. Dattijo ya sha gabana ya buɗe na robobi.