Llanuwchllyn, ƙauyen da kiwon tumaki ya riƙe wa harshensa

Mu da ke zaune a Birtaniya mukan ɗauka ko'ina Turanci ne, alhali akwai irin su Llanuwchllyn a arewacin Wales. Ƙauyen yana bakin tafkin Bala ta kudu, a gindin dutsen Aran Benllyn mai tsayin mita 885, kuma yawancin mutanensa da harshen Welsh suke tashi. A nan aka haifi Michael D. Jones, wanda ya assasa ƙaurar mutanen Wales zuwa Patagoniya da ke Kudancin Amurka a 1865, da O. M. Edwards, wanda ɗansa ya kafa ƙungiyar matasa ta Urdd a 1922. Ana yawan yaba wa waɗannan, amma a ganina gona ce ta yi babban aikin riƙe harshen.

Ƙasar ba ta noman hatsi ba ce. Ruwan sama ya yi yawa, ƙasa na da tsami sai an zuba mata farar ƙasa, dausayi kuma na jawo wa dabbobi ciwon hanta da ruɓewar kofato. Sai kiwo. Ana saka wa tumaki raguna a Nuwamba, ciki wata biyar, su haihu a Afrilu daidai fitowar ciyawa, a yi musu sausaya a tsakiyar shekara. A kan dutse sau da yawa babu shinge tsakanin garke da garke. Kowace tunkiya ta san iyakar makiyayarta, daga uwarta ta koya, ita ma ta koya wa 'yarta, kuma kowane gida da irin tsagar da yake yi a kunne. Shi ya sa akan sayar da gona tare da garkenta. Idan garke ya salwanta, kamar yadda aka karkashe wasu lokacin cutar boru a 2001, sabbin tumaki sai su bazu, a shekara da shekaru ana tare su kafin su saba. Irin wannan sana'a ba ta barin mutum ya tashi, shi ya sa harshen ya zauna.

Da can mutanen Wales ma raba gona suke tsakanin 'ya'ya maza, har dokokin Ingila suka soke hakan a ƙarni na 16. Yau galibi ɗa guda ke riƙe ta. A wajenmu a ƙasar Hausa gonar kaka ta zama kunya goma-goma a hannun jikoki, burtali an nome shi, samari sun tafi ci-rani Legas. Ba na cewa a taɓa rabon gado. Amma babu abin da ya hana magada su san rabonsu, su ci gaba da noma gandu ɗaya.

Su ma ba su tsira duka ba. Ƙauyen Capel Celyn da ke kusa an nutsar da shi a 1965 don bai wa birnin Libaful na Ingila ruwa, duk da cewa 35 cikin wakilan Wales 36 a majalisar Birtaniya ba su yarda ba. Mutum 48 suka rasa muhalli, kuma sai 2005 birnin ya nemi afuwa. Haka ma a Najeriya, dam ɗin Kainji ya tashi dubban mutane a shekarun 1960, har da tsohuwar Bussa.