Binciken abincin shanu ya kamata ya fara daga karan dawa

A Amurka, galibin binciken abincin dabbobi an gina shi ne a kan masara da waken suya, domin da su ake ciyar da shanu da aladu a manyan gonakin kiwo. A can, sa yakan ci kimanin kilo 6 na busasshen abinci kafin ya ƙara kilo 1 na nauyi, alade kuwa kusan kilo 3. Kiwon alade ba namu ba ne, masara kuma a ƙasar Daura tuwon iyali ce, saboda haka ɗauko wannan lissafi dungurungum ba zai tsinana wa mai kiwon turke komai ba.

Abin da ke hannun mai turke shi ne karan dawa da na gero, da harawa, da kowa (ɓawon wake), da dusa, sai 'ya'yan gawo idan an dace. Matsalar kara ita ce ƙarancin sinadarin gina jiki, wanda da wuya ya kai kashi 5 cikin 100, alhali ƙwayoyin halittar da ke narka abinci a tumbin saniya suna bukatar kusan kashi 7. Shi ya sa da bazara za ka ga bijimi yana ta tuƙa, ciki tim, amma haƙarƙari a waje. Masana sun daɗe da gano mafita: a sassara kara, a jiƙa takin yuriya kilo 4 a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na karan, a rufe ruf da leda na mako 3. Kara yana yin laushi, amfaninsa ya ƙaru. Sai dai yuriya guba ce idan dabba ta ci ta kai tsaye, don haka aikin yana bukatar malamin gona a kusa.

Nan ne nake ganin gazawarmu. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) da ke Shika, Zariya, ta yi shekaru tana nazarin shanun Bunaji da Bokoloji, amma mai kai bijimi kasuwar Mai'aduwa har yau da ido yake auna ƙiba, da kwano yake auna dusa, bai san ko buhun da ya saya ya zama nama ko kashi ba. Ya kamata ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024 ta fara da kai ma'aunin nauyi kasuwannin shanu, ta kuma sa a bayyana sakamakon binciken da Hausa a rediyo kafin kaka, lokacin da ake tara kara da harawa.