Doka ta fito tun 2021, amma bolar layinmu tana nan

Wallahi yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Kwana huɗu cur motar shara ba ta leƙo layinmu ba nan bayan titin Mansur (Shara Mansur) a Makka, barmil ɗin zuba shara ya cika ya tumbatsa, maguna sun yayyaga ledoji, ga zafin Makka kun san shi, ruwan zubala, wato shara, yana tsiyaya har bakin shagon da nake sayar da masa da tsire. Na rasa inda zan sa kwalayena na jingine su jikin barmil ɗin, washegari sai ga muraƙib, jami'in sa ido, da takardar garama, wato tara. Ni aka ci tara jama'a! Cinikin sati guda ya tafi, kamfanin da aka ba kwangilar kwashewa kuwa ko a jikinsa.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, dokar sharar nan ta Saudiyya fa ba da wasa aka yi ta ba, ɗan yayata da ke jami'a shi ya zaunar da ni ya warware min. A ƙasar nan doka sai ta bi hannu hannu, a rubuto daftari, Hai'atul Khubara, wato hukumar ƙwararru ta Majalisar Ministoci, ta tace shi, Majalisar Shura mai mutum 150 ta tattauna, ministoci su amince, sannan sarki ya fitar da marsum, wato umarninsa a rubuce, a buga a jaridar Ummul Ƙura. Haka Nizamu Idaratin Nufayat, wato dokar kula da shara, ya bi har ya fito da marsum mai lamba M/3 a Muharram 1443, wato Agusta 2021, bayan an kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa tun 2019. A ciki har da ɗaurin da zai kai shekara 10 da tarar da za ta kai riyal miliyan 30 ga wanda ya zubar da shara ta hanyar da za ta cutar da lafiyar mutane. To dan Allah wanda ya bar ta kwana huɗu tana ruɓewa gaban abincin da bayin Allah za su ci, shi me ya yi?

Kuma ku ji wannan, dokar ta ce da zarar ka jefa shara a barmil ta zama mallakar hukuma, shi ya sa ake korar iyayenmu tsofaffi masu tsintar gwangwani. Mun ji mun bi. Amma in kayan hukuma ne, ai sai wanda aka biya ya zo ya ɗauke mata kayanta, ba a bar min su ina kora ƙuda ba.

Ban ga laifin leburorin nan masu tsintsiya a rana ba, su ma nema suke. Mu ma da namu, akwai masu wurgo leda daga bene, Baba kana ji na, ka ja wa yaranka kunne.

Gobe in sha Allahu zan shigar da i'itiradi, wato ƙorafin ƙin amincewa, kan garamar nan, na ɗauki hoton barmil ɗin kullum da kwanan wata. Duk ɗan layinmu da ke da hoto ko bidiyo ya turo min ta WhatsApp kafin la'asar, mu haɗa mu kai tare.